Awon Tururin Ruwayen Wanke Maiƙo a Cikin Iska: Darasi Domin Duba-gari da Masu Sana'a na Jega, Aliero da Maiyama

Kowane ɗan kasuwa ya san amfanin mudu da sikeli. Ba wanda zai sayi gero a kasuwar Jega bai ga an auna masa ba, ko da kuwa mai sayarwar ɗan'uwansa ne. Amma akwai wani abu da mutum yake ɗurawa cikin jikinsa dare da rana ba tare da awo ba, watau iskar da yake shaƙa. Baligi yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kwana ɗaya. In iskar nan ta gauraya da dafi, to, dafin yana shiga jini ta huhu tun mai shi bai farga ba.

An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wani irin dafi da ke shiga iskar wurin aiki, da kuma wani ƙaramin ma'auni na gilashi da ake gane yawansa da shi. Muna roƙon duba-gari, da ɗaliban kiwon lafiya, da shugabannin masu sana'a su karanta shi a tsanake, kana su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

1. RUWAYEN DA AKE MAGANA A KANSU

Akwai waɗansu ruwaye da ake haɗawa a masana'anta domin narkar da maiƙo, da man inji, da fenti, da danƙo. A ido farare ne tas kamar ruwan sha, amma sun fi ruwa nauyi, suna da ƙanshi mai ɗan zaƙi, suna kuma bushewa nan da nan in an bar su a buɗe. Abin da ya haɗa su duka shi ne akwai sinadarin kulorin a cikin ginin kowannensu. Manyansu biyar ne.

Na fari shi ne ferkuloro-etilin. Shi ne ruwan da masu wankin tufafi na inji suke amfani da shi wajen wanke kwat da manyan riguna ba tare da ruwa da sabulu ba. Akwai shi kuma cikin waɗansu gwangwanayen feshin wanke birki.

Na biyu tirikuloro-etilin, mai wanke maiƙo daga jikin ƙarfe. A dā likitoci sun yi amfani da shi wajen sa barci da rage zafin naƙuda.

Na uku metilin kulorayid. Ana samunsa cikin maganin kankare tsohon fenti, da waɗansu irin gam, ana kuma aiki da shi a masana'antun katifar soso.

Na huɗu kulorofom, wanda wani likita mai suna James Young Simpson ya fara sa majiyyata barci da shi a Edinbara a 1847. Yau an fi ganinsa a ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu da asibitoci.

Na biyar kabon tetrakulorayid. A dā ana zuba shi cikin tukwanen kashe gobara, ana kuma turara hatsi da shi a ƙasashe da yawa domin kashe ƙwari. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijeriya ta shiga a 1988, an sa shi cikin abubuwan da ke lalata rufin ozon na sararin sama, aka yanke wa ƙasashe masu tasowa wa'adin daina aiki da shi zuwa 2010. Duk da haka akan tarar da tsohuwar kwalba ko tsohuwar tukunyar gobara a lungun sito.

Wanda yake so ya san ko abin da ke hannunsa yana cikin dangin nan, sai ya duba rubutun jikin gwangwani. In ya ga kalma mai haruffan chlor a cikin sunan sinadarin, to, ya yi hattara. Wanda kuwa ya sayi ruwan wanki a cikin tsohuwar kwalbar lemo marar rubutu, ya sayi abin da bai sani ba.

Kada a ce wannan zancen mutanen Kano ne ko Legas. Jega mahaɗar hanyoyi ce. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta biyo ta Aliero, ta ratsa Jega, ta wuce Maiyama zuwa Koko da Yawuri, a Jega kuma take haɗuwa da hanyar Birnin Kebbi. Inda motoci suka yi yawa, nan makanikai, da masu walda, da masu fenti suke yawa. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006, a Jega kuma akwai kwalejin kiwon lafiya, kowacce da ɗakunan gwaje-gwajenta. Duk waɗannan wurare ne da ya kamata a san abin da ke cikin iskarsu.

2. ILLAR DA SUKE YI

Illarsu iri biyu ce, ta nan take da ta sannu a hankali.

Ta nan take tana kama ƙwaƙwalwa. Mutum zai ji ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya bugu. In tururin ya ƙaru sai ya suma. Ba abin mamaki ba ne, tun da biyu daga cikinsu maganin sa barci ne a dā. Suna kuma rikita bugun zuciya, har mutum ya faɗi matacce in ya firgita ko ya yi gudu alhali tururin yana jikinsa. Metilin kulorayid yana da wata illa ta dabam: in ya shiga jiki, hanta tana mai da wani sashe nasa ya zama irin gubar nan ta hayaƙin janareta, wadda ke hana jini ɗaukar iska.

Ta sannu a hankali ita ce ta fi ɓoyuwa. Kabon tetrakulorayid da kulorofom suna cin hanta da ƙoda, giya kuma tana tsananta ɓarnar. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mazauni a Liyon ta ƙasar Faransa, ta tabbatar cewa tirikuloro-etilin yana kawo ciwon dajin ƙoda. Ta kuma sa ferkuloro-etilin da metilin kulorayid cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo ciwon daji. Saboda irin wannan ne hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokoki a 2024 na hana tirikuloro-etilin da taƙaita aiki da waɗancan biyun.

Ga wani gargaɗi musamman domin masu walda. Yawancin ruwayen nan ba su kama wuta da sauƙi kamar fetur, shi ya sa mutane suke sakin jiki da su. Amma in tururinsu ya taɓa harshen wuta, ko jan ƙarfe, ko hasken walda, sai ya rikiɗe ya zama fosjin, gubar da aka kashe dubban sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Farko. Wanda ya shaƙi fosjin yakan yi ɗan tari ya ga kamar ya warke, sa'an nan bayan sa'o'i huhunsa ya cika da ruwa. Don haka kada a yi walda a kan ƙarfen da aka wanke da irin ruwan nan sai ya bushe sarai, kada kuma a sha taba kusa da shi.

3. ME YA SA HANCI BAI ISA BA

Sau da yawa mai gareji yakan ce, "Ai in abin ya yi yawa zan ji wari." Wannan magana tana da rauni ta fuska uku.

Da fari, hanci ba ya jin kabon tetrakulorayid, ko kulorofom, ko metilin kulorayid, sai sun riga sun wuce iyakar da masana suka yarda mutum ya yini a ciki. Na biyu, hanci yana sabawa. Wanda ya shiga siton albasa zai ji warinta da ƙarfi, amma bayan ɗan lokaci sai ya daina ji, alhali albasar tana nan. Haka yake ga tururin nan. Na uku, tururin ya fi iska nauyi ƙwarai: na metilin kulorayid wajen ninki uku, na ferkuloro-etilin kusan ninki shida. Inda ba iska mai kaɗawa, yakan kwanta a ƙasa, ya taru cikin ramin gareji, da cikin tanki, da ƙarƙashin mota. Maigida yana tsaye bai ji kome ba, yaronsa kuwa da ke kwance cikin rami yana shaƙa.

Zafin ƙasarmu yana ƙara wa abin ƙarfi. Metilin kulorayid yana tafasa a digiri 40 na ma'aunin Salshiyas. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a ƙasar Kebbi yakan kai haka, har ya zarce, balle a cikin shago mai rufin kwano. Watau a bazara gwangwanin da aka bari a buɗe yana iya tafasa ba tare da an sa masa wuta ba.

Masana suna auna tururi da wani ma'auni da ake rubutawa ppm, ma'anarsa kashi ɗaya cikin miliyan. In aka sami mililita ɗaya na tururi cikin lita 1,000 na iska, watau cikin duro biyar, to, ppm 1 ke nan.

Bari mu yi lissafi. A ɗauki shago mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, da tsayin mita 3. Iskar da ke cikinsa lita 36,000 ce. In aka zubar da ferkuloro-etilin cikin ƙaramin cokalin shayi, watau mililita 5, ya bushe a shagon alhali ƙofa da taga suna rufe, zai ba da tururi kusan mililita 1,200. A raba wannan ga iskar shagon, za a sami wajen ppm 33. Iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa ma'aikaci na yini guda ppm 20 ce. Cokali ɗaya ya isa ya ƙetare ta. In kuwa metilin kulorayid ne cikin gwangwanin madara, kimanin mililita 150, lissafin zai kai wajen ppm 1,600, ninki goma sha shida na iyakarsa.

4. BUTUTUN AWO DA ASALINSA

A dā masu haƙar kwal a Ingila sukan shiga rami da tsuntsun kanari a keji. In tsuntsun ya faɗi, sai su san iska ta ɓaci, su fita. Ba a daina wannan a can ba sai 1986. Amma tsuntsu ba ya faɗin irin gubar, ba ya kuma faɗin yawanta. A 1919 waɗansu masana biyu a Amurka, Lamb da Hoover, suka ƙago bututun gilashi mai ɗauke da garin da ke sauya launi in gubar hayaƙi ta ratsa shi. Kamfanin Dräger na birnin Lubek a Jamus ya fitar da nasa a 1937. A Japan wani masani mai suna Kitagawa ya kyautata dabarar a cikin shekarun 1940, yadda tsawon launin ne yake nuna yawan gubar. Yau manyan sunayen da aka sani su ne Dräger, da Kitagawa, da Gastec, kuma akwai bututu dabam dabam na ɗaruruwan sinadarai.

Bututun kansa kamar fensir yake, tsawonsa bai fi taƙi ba, an liƙe bakinsa duka biyu. A jikinsa akwai sunan sinadarin da yake aunawa, da layuka masu lambobi kamar na ma'aunin zazzaɓi, da kibiya, da adadin zuƙar da za a yi. Abokin aikinsa famfon hannu ne. Wani irin ana matsa shi kamar zugazugin maƙeri, wani kuwa ana jan mariƙinsa kamar sirinji. Kowace cikakkiyar zuƙa tana jan iska mililita 100 daidai. Ba ya bukatar lantarki ko batir, wannan kuwa babban amfani ne a ƙauye.

Ga yadda yake aiki. Ruwayen nan ba su da saurin haɗuwa da wani sinadari, saboda haka bututunsu yakan zama hawa biyu. Hawa na fari yana ɗauke da sinadari mai ƙarfi wanda ke farfasa tururin, ya saki kulorin da ke ɗaure a cikinsa, ko ya mai da shi asid. Hawa na biyu farin gari ne ko rawaya da aka jiƙa da rini mai sauya launi in kulorin ko asid ya taɓa shi. A bututun Gastec na tirikuloro-etilin, alal misali, rawaya ne yake komawa shunayya. In tururin kaɗan ne, launin zai tsaya kusa da baki. In yana da yawa, sai ya yi nisa cikin bututun, kamar yadda ruwa ke hawa jikin lagwani. Inda launin ya tsaya, nan ake karanta lamba. Waɗansu kamfanoni sukan raba hawan biyu cikin bututu biyu, a haɗa su da guntun roba lokacin awo.

5. YADDA AKE AWO

Ya kai mai awo, bi waɗannan matakai bi da bi, kada ka tsallake ko ɗaya.

(1) Ka fara sanin abin da kake nema. Karanta jikin gwangwani, ka tambayi maigida, kana ka zaɓi bututun wannan sinadari.

(2) Duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwali. Yawancin bututu shekara biyu ne ko uku. Wanda ya wuce lokacinsa, ko launinsa ya riga ya sauya, a yar da shi.

(3) Karanta takardar da ke cikin kwali, ko da ka saba. Kowane bututu da ƙa'idarsa.

(4) Gwada famfo. Sa bututun da ba a fasa ba a bakinsa, ka matsa ko ka ja. In iska ta sami hanyar shiga, famfon yana yoyo, duk awon da aka yi da shi zai nuna ƙasa da gaskiya.

(5) Karya bakin bututu duka biyu da abin karyawa da ke jikin famfo, ka kiyaye idonka da yatsunka.

(6) Cusa shi a famfo, kibiya tana duban famfon.

(7) Riƙe bakin bututu kusa da hancin ma'aikaci yayin da yake tsakiyar aiki, domin iskar da yake shaƙa ita ce abin nema. In a tsugune yake aiki, kai ma ka tsuguna.

(8) Yi zuƙa daidai adadin da aka rubuta. Ka jira kowace ta cika kafin ka sake wata. Gaggawa a nan ɓata awo take yi.

(9) Karanta nan take a wuri mai haske. In bakin launin ya karkace, ɗauki tsakiya tsakanin inda ya fi tsawo da inda ya fi gajarta.

(10) Rubuta kome a littafi: kwanan wata, sa'a, wuri, irin aikin da ake yi, zafin wurin, ko ƙofa a buɗe take, lambar bututu, yawan zuƙa, da abin da ka karanta.

In rami ne ko tanki, kada ka shiga domin ka auna. Akwai dogon tiyo da ake haɗawa tsakanin famfo da bututu, a zura bututun ƙasa, mai awo yana tsaye a waje. Bututun da aka yi aiki da shi ba a sake amfani da shi. Yana ɗauke da asid da fasasshen gilashi, saboda haka a tara su cikin gwangwani mai murfi, kada a jefar a juji inda yara ke wasa.

6. FASSARA ABIN DA AKA KARANTA

Lamba kaɗai ba ta da amfani sai an gwada ta da iyaka. Iyaka iri biyu ce: ta matsakaicin sa'a 8, watau yinin aiki, da ta minti 15. Ga waɗanda Tarayyar Turai ta sa, domin su zama abin kwatance:

Ferkuloro-etilin: ppm 20 a sa'a 8, ppm 40 a minti 15.
Tirikuloro-etilin: ppm 10 a sa'a 8, ppm 30 a minti 15.
Metilin kulorayid: ppm 100 a sa'a 8, ppm 200 a minti 15.
Kabon tetrakulorayid: ppm 1 a sa'a 8, ppm 5 a minti 15.
Kulorofom: ppm 2 a sa'a 8.

Ƙasashe sun sha bamban a kan waɗannan lambobi. A Amurka, tun 1997 hukumar lafiyar ma'aikata ta sa iyakar metilin kulorayid a ppm 25. In ka sami iyaka biyu, bin mafi ƙanƙanta ya fi tsare rai. A tuna kuma an yi su ne domin baligi lafiyayye. Ba a yi su domin yaro ɗan koyo ba, ko mace mai ciki, ko wanda ke kwana a shagon.

Ga misali. A ce mai wankin tufafi yana sa'a 2 wajen kwashe kaya daga inji, bututu ya nuna ppm 60 a wannan lokaci. Sauran sa'a 6 yana guga, bututu ya nuna ppm 5. Sai a ce 2 sau 60 ya zama 120, 6 sau 5 ya zama 30, jimla 150. A raba da 8, a sami kusan 19. Wanda ya dubi wannan kaɗai zai ce lafiya lau, tun da bai kai 20 ba. Amma ppm 60 ɗin nan ya wuce iyakar minti 15, wadda take 40, har na tsawon sa'a biyu. Lalle wurin yana bukatar gyara, kuma awon ya nuna daidai inda gyaran yake, watau wajen kwashe kaya.

7. INDA BUTUTU YAKE KUSKURE

Bututu shaida ne mai gaskiya, amma abin da ya gani kaɗai yake faɗa. Dole mai awo ya san iyakarsa.

Yana faɗin halin iska ne a wurin da aka riƙe shi, a cikin 'yan mintocin da aka yi zuƙa. Awon safe, kafin a buɗe gwangwani, ba ya wakiltar azahar. Don haka a auna sau da yawa, a wurare dabam dabam, musamman lokacin da aiki ya fi tsanani.

Lambarsa kusa da gaskiya ce, amma tana iya saɓawa da kusan kashi 25 cikin 100, sama ko ƙasa. In iyaka 20 ce, ka karanta 17, kada ka ce an tsira.

Ba ya rarrabe 'yan gida ɗaya sosai. Tun da kulorin da aka saki shi ne ke sauya launi, bututun ferkuloro-etilin zai amsa wa tirikuloro-etilin shi ma. A gareji kuma tururin fetur yana iya cinye ƙarfin hawa na fari, lambar ta fito ƙasa da yadda take. Takardar cikin kwali tana lissafa irin waɗannan.

Zafi yana taɓa shi. An daidaita yawancin bututu a digiri 20, ba a kuma yarda da su ba in zafi ya wuce 40. Tsakanin nan akwai jadawalin gyara a takardar. Wajen ajiya, a nisanta su daga rana. Waɗansu na ruwayen nan sai a firji. Kwalin da ya yini cikin akwatin babur a rana daga Jega zuwa Maiyama, ba a dogara da shi. In an fito da bututu daga firji, a bar shi ya huce sanyi kafin a fasa.

Kada a haɗa bututun wani kamfani da famfon wani. Ko da duka suna jan mililita 100, saurin jansu ba ɗaya ba ne.

Kowane bututu da abin da aka yi shi dominsa. Wannan ya shafi masu siton wake da hatsi a kasuwanninmu. Ƙwayar da ake sakawa cikin buhuna tana fitar da wata guba ce mai suna fosfin, wadda ba ta cikin dangin nan. Bututun da muka bayyana ba zai gan ta ba. Tana da nata bututun. Haka kuma babu ɗayansu da zai gaya maka ko iskar numfashi ta ƙare a cikin rijiya ko tanki.

8. BAYAN AN AUNA

Awo ba ya tsarkake iska. In lamba ta yi sama, ga abin yi bisa jerin fifiko.

Abin da ya fi duka shi ne a sauya ruwan. Maiƙo da yawa yana fita da ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi, akwai kuma feshin birki da maganin fenti marasa kulorin. In ba makawa sai da shi, a rage yawan da ake zubawa, a rufe gwangwani da zarar an ɗiba, a tara tsummokaran da suka jiƙe cikin abu mai murfi a waje. A yi aikin a rumfa ko a fili. In cikin ɗaki ne, a buɗe ƙofa da taga masu fuskantar juna, a kuma yi kafar iska kusa da ƙasa, tun da nan tururin yake kwanciya. Fankar sama tana juya iska ne kawai a cikin ɗaki. Wadda ake so ita ce mai jan iska ta fitar waje, ta gefen da ba mutane. Ragowar ruwan kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, domin yana nutsewa ƙasa ya ɓata ruwan sha shekara da shekaru.

Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci, da takunkumin takarda, ƙura suke tarewa, tururi kuwa ratsa su yake yi. Akwai takunkumi mai gwangwanin gawayi, amma metilin kulorayid yana cika shi da wuri. Safar hannu ta roba irin ta asibiti ita ma ba ta tare shi. Bayan kowane gyara, a sake awo, domin a tabbata gyaran ya yi aiki.

In wani ya faɗi, a fitar da shi cikin iska, amma kada mai ceto ya faɗa rami haka nan, gama sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. A tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a kwantar da shi a gefensa, kada a sa shi tafiya ko gudu. A kai shi asibiti tare da gwangwanin, domin likita ya san abin da yake yi wa magani. Wanda ya shaƙi hayaƙi wajen walda ya je asibiti ko da ya ji sauƙi.

Doka ma ta yi magana. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya samar da isasshiyar iska, ya kuma kawar da ƙura da tururi masu cutarwa daga wurin aiki. Masu duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne ke lura da ita. Amma ƙaramin shago a bakin hanya, wanda ya fi kusa da shi shi ne duba-garin ƙaramar hukuma da shugaban ƙungiyar sana'arsa. Famfo ɗaya yana shekaru yana aiki. In ƙungiyar makanikai da masu fenti ta gari guda ta haɗa kuɗi ta sayi famfo da 'yan kwalayen bututu, ta nemi wanda ya koyi awo ya zaga shagunan kafin bazara, za ta san waɗanne ne ke bukatar gyara. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, hanta da ƙoda kuwa in sun lalace maganinsu yana da wuya ƙwarai.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Kawo sunayen ruwaye biyar da aka ambata, da aikin da ake yi da kowanne.
2. Faɗi dalilai uku da suka sa ba a dogara da hanci.
3. Me ke faruwa in tururin nan ya taɓa hasken walda?
4. Don me ake gwada famfo da bututun da ba a fasa ba?
5. Wani ma'aikaci ya yi sa'a 4 cikin ppm 30 na ferkuloro-etilin, da sa'a 4 cikin ppm 14. Nawa ne matsakaicin yininsa? Ya wuce iyaka ko bai wuce ba?
6. Mai sito a Maiyama ya sa ƙwaya cikin wakensa, ya roƙe ka ka auna masa iska da bututun ferkuloro-etilin. Wace amsa za ka ba shi?